Barbarar zomaye da raƙuma: aikin da maniyyi ke yi wajen sakin ƙwai, da yadda mai kiwo zai ci moriyarsa

Masu kiwon zomaye da yawa a Jos, Bukuru da Vom suna yi wa zomo lissafin saniya. Sun san saniya takan nemi sa duk bayan kwana 21, sai su zauna jiran ranar da zomanya ita ma za ta kai nata lokacin. Babu wannan ranar. Zomanya ba ta sakin ƙwai don kwanaki sun cika, sai an yi mata barbara. Haka taguwa take, haka kyanwa. Wanda bai san wannan ba zai yi ta asarar watanni da dusa, ya ɗora laifi a kan namiji ko a kan iri, alhali saƙo ne bai isa ƙwaƙwalwar macen ba.

Ga yadda abin yake a jiki. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, kuma kowane ƙwai yana girma ne a cikin 'yar jakar ruwa. Jakar ba ta fashewa ta saki ƙwan sai wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, da ake kira LH ya kwararo cikin jini da yawa a lokaci guda. Daga wani ɗan ƙulli da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, shi kuma ƙullin ba ya sakinsa sai ƙwaƙwalwa ta turo masa wani homon mai suna GnRH. A jikin saniya, akuya, tunkiya da ɗiya mace, jakar ƙwan da ta nuna ita ce ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa lokaci ya yi, ko da namiji ko babu. A jikin zomanya da taguwa, jakar takan nuna ta tsaya jira. Idan ba a yi barbara ba sai ta shanye, wata ta taso a bayanta.

Saƙon da ake jira iri biyu ne. Akwai na taɓi, wanda jijiyoyin farji da bakin mahaifa ke kai wa ƙwaƙwalwa lokacin da namiji ya hau. Akwai kuma na sinadari, wanda ke cikin ruwan maniyyi, wato ruwan da ƙwayoyin maniyyin ke iyo a ciki.

An daɗe ana ɗauka taɓin ne kaɗai ke aiki. A 1985 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa taguwa mai tozo biyu tana sakin ƙwai idan an zuba mata ruwan maniyyi, ko da namiji bai kusance ta ba. Sakamakon bai samu karɓuwa sosai ba, sai a 2005 da Gregg Adams da abokan aikinsa na Jami'ar Saskacewan a Kanada suka maimaita gwajin a kan lama da alfaka, 'yan uwan raƙumi na Kudancin Amurka. Sun tace ƙwayoyin maniyyi suka fitar, suka yi wa matan allurar ruwan zalla a tsoka: fiye da 9 cikin 10 suka saki ƙwai, waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kuwa ko ɗaya. A 2012 suka gano ko mene ne sinadarin. Furotin ne mai suna beta-NGF, wanda aka daɗe da saninsa a matsayin mai raya jijiyoyi, kuma a kan gano shi da wani makamancinsa ne Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka samu kyautar Nobel a 1986.

Wani abu a cikin gwaje-gwajen alfaka ya fi kowanne amfani ga mai kiwo. Da aka zuba ruwan a cikin mahaifa kawai, waɗanda suka saki ƙwai ba su kai rabi ba. Da aka ɗan kankare fatar cikin mahaifar kafin a zuba, sai suka kai kusan biyu cikin uku. Ma'ana sinadarin sai ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa kafin ya yi aiki, kuma doguwar barbarar da namijin ke yi, wadda takan ɗan kuje mahaifa, ita ce ke buɗe masa hanya. An kuma ga cewa ƙullin rawaya da ke tsirowa a gurbin ƙwan, wanda ke fitar da homon furojestaron mai riƙe ciki, yakan fi ƙarfi idan wannan sinadarin ne ya jawo sakin ƙwan.

Maniyyin bijimi da na ɗan Adam su ma suna da wannan furotin, amma ba shi ne ke sa saniya ko mace sakin ƙwai ba. Shi ya sa ɗura wa saniya maniyyin da aka daskarar yake kamawa ba tare da wata allura ba, matuƙar an dace da lokaci: wadda aka ga tana tsayawa ana hawanta da safe a ɗura mata da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. Ga mata kuma, ranar sakin ƙwai tana bin kwanakin al'ada ne, saduwa ba ta jawo ta.

Barbarar zomaye da namiji

A zomo taɓin ne ya fi rinjaye. Masu bincike a Italiya da Sifen sun ga cewa idan aka kashe jijiyoyin ƙugun zomanya da allura, yawanci ba ta sakin ƙwai ko da an zuba mata maniyyi, sannan wasu zomanyun kan saki ƙwai don an sa musu bututu kawai. Maniyyin yana taimakawa, amma bai isa shi kaɗai ba. Saboda haka aikinka shi ne ka tabbatar macen a shirye take, kuma barbarar ta cika.

Fara da shekaru da nauyi. Matsakaitan iri kamar Niyu Zilan fari, Kalifoniya da Cincila ana fara haɗa macensu tana wata 5, idan ta kai kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin babba. Namiji a bar shi ya kai wata 6. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10. Zomanyar da ta yi ƙiba har ba ka jin ƙashin bayanta da hannu takan ƙi namiji, don haka a rage mata dusa da masara, a ƙara harawa da ganye na mako biyu kafin a gwada.

Sai duban farji, wanda a ganinmu shi ne matakin da aka fi tsallakewa kuma ya fi kowanne tsada idan an tsallake. Ka riƙe ta a kan cinyarka, ka ɗaga wutsiya, ka danna gefen farjin a hankali da yatsa biyu. Idan fari ne fatau, a bushe, jakunkunan ƙwanta ba su nuna ba, mayar da ita keji ka sake dubawa bayan kwana 2 ko 3. Idan ja ne, ya ɗan kumbura, da damshi, yau ce ranar. Idan ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, lokacin ya fara wucewa, tana iya karɓa amma kamun ba ya kai na jan. A wannan duban ne kuma za ka lura ko akwai ɓawon gyambo a farji, hanci ko leɓe. Akwai ciwon sanyi na zomaye da ke yaɗuwa ta barbara, kuma namiji ɗaya zai iya zagaye garke da shi. Duk wanda ka gani da irin wannan ɓawon, mace ko namiji, ware shi ka kira likitan dabbobi.

Macen ake kai wa kejin namiji, ba a kai namiji nata. Zomanya tana kishin ɗakinta, za ta iya cizonsa, shi kuma a baƙon wuri shinshine-shinshine zai tsaya yi. Yi haɗin da sassafe ko bayan la'asar, kuma ka tsaya a wurin. Wadda ta shirya za ta miƙe ta ɗaga ƙugu. Namijin zai hau, cikin 'yan daƙiƙu ya yi wani ɗan gurnani ya faɗi gefe ko baya. Wannan faɗuwar ita ce shaidar ya zuba. Idan bai faɗi ba, kada ka rubuta an yi barbara.

Bar shi ya huta 'yan mintuna ya sake hawa sau ɗaya, sannan ka ɗauke ta. Dalilin yin na biyun a zama ɗaya lissafi ne mai sauƙi. LH yana kai ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan hawan farko, ƙwai yana fita bayan awa 10 zuwa 12, kuma ba ya wuce awa 6 zuwa 8 yana jiran maniyyi. Su ma ƙwayoyin maniyyin suna buƙatar kamar awa 6 a jikin mace kafin su iya huda ƙwai. Wanda ya ce zai maimaita gobe ya makara, domin ƙwan da hawan jiya ya fitar ya riga ya lalace. Idan ta ƙi shi bayan minti 5, tana gudu ko ta manne da kusurwa, fitar da ita. A gwada ta da wani namijin, ko a dawo gobe. Danne ta da hannu don namiji ya hau yana yiwuwa, amma idan farjin fari ne, da wuya ciki ya shiga. Barin su kwana tare kuma gajiyar da namiji ne da jawo faɗa.

Rubuta ranar a jikin kejin. A kwana na 12 zuwa 14 ka lalubi cikin: ɗora ta a kan tebur, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗayan a ƙarƙashin mara gaban ƙafafun baya, ka shafa a hankali da babban yatsa da manuniya. 'Ya'yan za su ji kamar manyan 'ya'yan magarya masu santsi da ɗan taushi, a jere. Kashi ya fi su ƙanƙanta da tauri. Kada ka matsa da ƙarfi, kuma kada ka mayar da ita wurin namiji don gwaji, domin wata mai cikin takan karɓa, wata marar cikin ta ƙi. A kwana na 28 sa akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Haihuwa tsakanin kwana 30 ne da 32. A sanyin Disamba da Janairu na Filato, a tare akwatin daga iska, don 'ya'yan tsirara ake haifarsu.

Mai shayarwa tana da nata hukuncin. Takan karɓi namiji sosai kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, sannan homon nono ya danne sha'awar. Manyan gonaki suna haɗawa a kwana na 11 don su samu haihuwa duk kwana 42, kuma sukan raba uwa da 'ya'yanta na awa 24 zuwa 48 kafin haɗin don ta karɓa. Wannan tsarin na mai ciyar da cikakken abincin kamfani ne. Mai ciyar da dusa da ganyen dankali ya jira ya yaye a mako 5 ko 6, ya haɗa a kwanakin da suka biyo baya. Uwar za ta fi daɗewa tana haihuwa.

Cikin ƙarya

Tunda taɓi na iya fitar da ƙwai, ƙwai na iya fita ba tare da maniyyi mai kyau ba. Hakan na faruwa idan an tara manyan mata a keji ɗaya suna hawan juna, ko namijin da ya hau ba shi da ƙwayoyi masu rai. Ƙullin rawaya zai tsiro, furojestaron ya hau, jikinta ya ɗauka ciki ne. Kwana 16 zuwa 18 ake yi a haka, kuma duk barbarar da aka yi a tsakani ta tafi a banza. Alamarsa ita ce ta fara tsige gashi tana tara ciyawa a baki wajen kwana na 16 zuwa 18, maimakon dab da kwana 30. Maganinsa haƙuri: a jira kwanakin su cika, a duba farji, a haɗa. Rigakafinsa kuma kowace mace da kejinta tun tana wata 3, kuma wadda aka sayo daga inda ake tara su a ba ta kwana 18 ita kaɗai kafin a kai ta wurin namiji.

Idan mata uku ko huɗu a jere suka yi cikin ƙarya bayan namiji ɗaya, shi ne abin tuhuma, kuma zafi ne kan gaba. Maniyyin zomo yana lalacewa idan zafin ɗaki ya riƙa haura digiri 30. Jos tana da sauƙi, amma a Maris da Afrilu ɗakin kwano marar silin yana wuce haka da rana, a Abuja kuwa abin ya fi tsanani. Namijin zai ci gaba da hawa yana faɗuwa kamar kullum, ƙwai ya fita, ciki babu. Ƙera sababbin ƙwayoyin maniyyi yana ɗaukar kusan mako 7, saboda haka ko damina ta sauka sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin ya dawo daidai. A shimfiɗa ciyawa a kan rufin, a buɗe iska ta ɓangare biyu, a sa maza a layin da ya fi inuwa, ruwan sha kada ya yanke.

Ɗura maniyyi da bututu

A nan ne sanin nan ya zama dole. Wanda ya ɗebi maniyyi ya sirka shi ya raba wa mata 10 ya cire hawan namiji, ya kuma tsinka sinadaran ruwan. Saƙonni biyun duka sun raunana, don haka sai an maye gurbinsu da allura. Wannan aiki ne na mai garke babba tare da likitan dabbobi ko ma'aikacin da ya koya. Wanda ke kusa da Vom yana da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke wurin tun 1924, da kwalejin koyon lafiyar dabbobi da ke maƙwabtaka da ita, inda zai nemi masu wannan ilimin.

Ana ɗibar maniyyin da farjin roba mai ɗumin digiri 42 zuwa 45. Idan ya huce namijin ba zai zuba ba, idan ya yi zafi da yawa yakan haɗo da fitsari. Abin da ake samu mil 0.3 ne zuwa mil 1. Mai kyau fari ne kamar madara. Mai rawaya fitsari ne ya shiga, mai ja jini ne, duka a zubar. Sau da yawa akwai wani dunƙule mai yauƙi a ciki, a cire shi nan take. A ɗiga ɗigo a kan gilashi mai ɗumi a duba a madubin likita, a ɗauki wanda aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyinsa ke tafiya gaba. A sirka kashi ɗaya da kashi 5 zuwa 10 na ruwan sirki mai ɗumi daidai da na maniyyin, a zuba a hankali, domin sanyi na farat ɗaya yana kashe ƙwayoyin. Kowace mace ana ba ta mil 0.5 mai ɗauke da ƙwayoyi miliyan 10 zuwa 20. Idan ba za a yi amfani da shi nan take ba, a ajiye a digiri 15 zuwa 18, kada ya wuce kwana biyu. Firjin gida ya yi masa sanyi da yawa.

Bututun ɗurar yana da ɗan lanƙwasa a baki. Ana shigar da shi bakin yana kallon ƙashin baya, don kada ya faɗa hanyar fitsari, idan ya wuce ƙashin ƙugu a juya shi, a tura zuwa santimita 8 zuwa 12, a zuba. Idan ka ji turjiya, ja baya ka gyara. Kowace mace da nata bututun mai tsabta.

Nan take sai allurar GnRH a tsokar cinya, wato busarelin ko gonadorelin. Idan busarelin ne, maikirogiram 0.8 ne, wato mil 0.2 na maganin da ake sayarwa da sunan Receptal. Idan gonadorelin ne, maikirogiram 20. Adadin ƙarami ne ƙwarai, sai da sirinjin mil 1 ake auna shi daidai, kuma maganin a firji yake zama. Maganin da ya sha rana a kanti ko a aljihu yana iya zama ruwa kawai. Akwai masu amfani da wani homon mai suna hCG, amma idan aka maimaita shi sau da yawa jikin zomanya yakan ƙera garkuwa ya daina amsawa, shi ya sa muka fi son GnRH. Allurar ba ta gyara macen da ba ta shirya ba. Mai farin farji tana iya sakin ƙwai da allura amma ciki bai zauna ba, ka samu cikin ƙarya na kwana 18. An gwada zuba beta-NGF a cikin maniyyin don a huta da allura, wasu zomanyun sun saki ƙwai, amma sakamakon bai kai na GnRH ba.

Raƙuma

Raƙumi ba dabbar Filato ba ne, amma masu harkar dabbobi a nan suna hulɗa da makiyayan Sakkwato, Yobe, Barno da kasuwar Maigatari, kuma a jikin taguwa ne sinadarin maniyyi ya fi nuna ƙarfinsa. Lokacin barbararsu sanyin hunturu ne, sa'ad da amale ke kumfar baki yana fito da wani jan tantani daga bakinsa. Ana yi ne taguwar tana gurfane, kuma yakan ɗauki minti 5 zuwa 20. Kada a kore shi ko a ja shi kafin ya sauka da kansa. Maniyyinsa mai kauri ne da yauƙi, kaɗan-kaɗan yake fita tsawon hawan, don haka katse barbarar rage ƙwayoyi ne da rage saƙon gaba ɗaya.

Girman jakar ƙwan shi ne komai. Idan likita ya duba da sikanin, wadda faɗinta ke tsakanin santimita 0.9 da 1.9 ita ce ke fashewa da kyau. Wadda ta haura 2.5 ta tsufa, da wuya ta amsa ko ga amale ko ga allura, sai a jira sabuwa ta taso. Inda babu sikanin, a haɗa ta sa'ad da take gurfana wa namiji da kanta, a maimaita washegari. Ƙwai yana fita bayan awa 24 zuwa 36. Idan ɗura za a yi da maniyyin da aka sirka, ana ba da busarelin maikirogiram 20, a ɗura bayan kamar awa 24.

Idan ciki bai shiga ba, ƙullin rawayar taguwa ba ya daɗewa kamar na zomanya, wajen kwana 10 zuwa 12 ya shanye, ta sake karɓar namiji. Idan ya shiga, daga kamar kwana 15 za ka ga tana ɗaga wutsiya tana murɗe ta sama duk lokacin da amale ya matso. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan alamar, kuma tana da tushe, furojestaron ne ke jawo ta. Sai dai duk abin da ya ɗaga wannan homon zai iya sa ta yi hakan, don haka a sake gwada ta bayan wata guda, ko likita ya duba, kafin a fara lissafin wata 13 na goyon ciki.